Shimfiɗar Kaka da Dutsen Guga

Shafi na 31

Masu ƙorafin cewa shafin baya ya tsaya a bakin ƙofa, to ga ƙofar ta buɗe. Ku shigo a hankali, akwai marar lafiya a ɗakin.

Akwatin ya daɗe a ƙarƙashin gadon Inna har gindinsa ya yi wa siminti shaida. Da Yaya Babba ta jawo shi sai ya yi wata ƙara irin ta dattijon da aka tasa daga barcin rana. Ta durƙusa tana haki, ta hure ƙurar da ke kan murfin, kuma duk faɗin ɗakin ba ta ga inda za ta hura ta ba sai wajen takalman ƙanwarta.

"Matsa mana, Hajiyar labule, kada ƙurar talakawa ta ɓata miki leshi."

Auta ba ta matsa ba.

Ita ce autar Inna, ita ce kuma mai shagon nan na bakin babban titi inda ake zana labule da matasan kujera da shimfiɗar tebur da hannu. Duk gidan da ke ji da kansa a garin, in ka shiga falo za ka tarar da shanunta masu dogayen ƙahoni suna kiwo a jikin labule, mutanenta masu siraran ƙafafu suna rawa a kan matashi. In an tambaye ta inda ta samo, sai ta gyara murya ta ce gadon kakanni ne. Ba ƙarya take yi ba. Abin da take tsallakewa shi ne yadda ta yi da gadon.

Asalin zanen yana jikin wani kogon dutse ne, aikin mutanen da suka riga tarihi zuwa duniya. Kaka, wato mahaifiyar Inna, ta tashi a gindin dutsen, ta kwashe zanen da ido ta zuba shi a kan farin ƙyalle saƙar hannu, da jar ƙasa da kunkunniya da ƙaro. Daga baya masu fasa dutse suka zo suka mayar da kogon tsakuwar titi, aka kira abin ci gaba. Shimfiɗar Kaka ta zama ita kaɗai ce shaidar da ta rage.

Ita Auta ta ara domin ta kwaikwaya. Da ta ga fentin yana ɓarɓashi sai tausayi ya kama ta, ta yi masa abin da take yi wa kowane ƙyalle da ya bi ta hannunta. A sana'arta fenti ba ya zama sai ya sha wuta. Ta jona dutsen guga, ta jira ya yi zafi, ta ɗora a tsakiyar shimfiɗar da kyakkyawar niyya. Ƙaro kuwa bai san kyakkyawar niyya ba. Ya narke, ya yi baƙi, ya manne wa ƙarfen, ya taho da garken shanu guda.

Sai ta zauna ta zana wata daga hotunan da ta ɗauka tun farko, ta jiƙa ta a ruwan shayi har ta yi launin tsufa, ta ninke ta maido. A lokacin idon Inna ya fara tafiya, ana ta sa ran a yi mata aiki. Inna ta ce a sa a akwati, sai idonta ya buɗe za ta duba. A makon jiya likita ya cire tabarau, ya yi dogon bayani wanda taƙaitawarsa ita ce idon ba zai dawo ba. Yau da la'asar Inna ta sa aka kira Auta, ta ce a buɗe akwati.

"Kin same ta?" Inna ta tambaya daga kan gado. Tana jingine da bango, fuskarta tana kallon taga saboda ɗumin rana, ba don tana ganin komai ba.

"Ga ta nan, Inna, a saman kaya," in ji Yaya Babba. Ita ce babbar 'yar Inna, wadda ta bar aikinta a kantin magani ta dawo gida jinya, kuma ba ta taɓa barin kowa ya manta da hakan ba.

"Shimfiɗa mini a cinya."

Auta ta yi wuf ta ce, "Inna, da kin bari kin ɗan huta. Yanzu fa kika sha magani."

"Da hannu zan duba, ba da ciki ba."

Yaya Babba ta warware shimfiɗar ta girgiza, ta riƙe ta a sama tana kallo. Wannan ne gwajin da Auta ta daɗe tana tsoro, kuma ta ci shi nan take.

"Kai, Inna, kamar jiya aka yi! Har ta fi yadda na san ta haske. Lallai kayan da akwai auki."

Auta ta saki numfashin da ta riƙe. Ta yi saurin saki.

Inna ta ɗora tafukanta biyu a kan ƙyallen, ta rufe idanun da ba su da bukatar rufewa. Yatsunta suka fara tafiya daga gefen dama, a hankali, kamar mai neman hanya a gidan da ya sani bayan an ɗauke wuta. Suka je tsakiya. Suka tsaya. Suka koma baya, suka sake tahowa.

"Kin juya mini ita baya ne?"

"A'a, Inna, gabanta ke nan."

"Ina bijimin?"

"Ga shi nan a ƙarƙashin hannunki."

"Ƙarƙashin hannuna babu komai sai ƙyalle."

Yaya Babba ta yi dariya, ta kama yatsan Inna ta ɗora a kan zanen. "Nan ne ƙahonsa, nan doronsa, nan jelarsa. Inna, tsufa ne ya taɓa miki yatsu."

"Yatsuna suna gane gishiri da sukari a cikin kwano," Inna ta ce. "Bijimin uwata yana da tudu. Ba ta shafa fenti, ɗora shi take yi, ta bari ya bushe ta ƙara wani a kai, har sai ƙahon ya taso kamar jijiyar hannu. Ina ƙarama nakan bi shi da yatsa har barci ya ɗauke ni. Wannan kuwa sumul yake kamar goshin jariri."

Fankar sama ta ci gaba da juyawa, don ita ba ruwanta.

Inna ta ɗaga gefen shimfiɗar ta kai hancinta. Ta shinshina sau ɗaya, ta sake shinshinawa.

"Wa ya sha shayi a kan uwata?"

"Shayi kuma?" in ji Yaya Babba.

"Shimfiɗar uwata warin hayaƙi take yi da ƙasa bayan ruwan sama. Wannan warin butar shayi ne da aka manta ba a wanke ba."

Yaya Babba ta juyo a hankali. Shekaru da yawa a bayan kantar magani sun koya mata gane wanda ya zo da takardar likita ta jabu tun kafin ya miƙa. Ta dubi ƙanwarta daga ɗankwali har takalmi.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Me ya sa kike zufa ga fanka na juyawa?"

"Zafin mota ne bai sake ni ba."

"Motar taki mai sanyi kamar firji? Wadda na shiga rannan na fito da mura?"

Inna ba ta saurare su ba. Hannunta ya gangara zuwa kusurwar hagu ta ƙasa, inda akwai hoton ɗan ƙaramin tafin hannu da jar ƙasa. Wannan hannun shi ne tambarin shagon Auta. Yana jikin allon shagon, yana jikin ledojinta, yana kan duk matashin da ta fi sayarwa. A hira da masu ɗaukar hoto ta sha cewa hannun wani yaro ne na zamanin kogo. Haka ta zata, kuma ba ta taɓa tambaya ba.

"Hannuna ba ya nan," Inna ta ce.

"Hannunki, Inna?"

"Nawa ne mana. Ranar da ta gama aikin na zo ina ta rigima sai na taɓa. Ta kama hannuna ta tsoma a ƙoƙon jar ƙasa ta danna a nan, ta ce to ga naki, ki bar ni in huta. Tana sunkuye gashinta guda ya faɗa cikin fentin ya bushe a ciki. Yana nan tsakanin babban yatsa da manuni, in ka shafa za ka ji shi kamar zare." Ta ci gaba da shafa wurin. "Shi nake nema tun ɗazu. Ban damu da bijimi ba. Hoton uwata babu, muryarta na manta, kabarinta ma an yi gini a kai. Gashin nan kaɗai ya rage mini da zan taɓa."

Auta ta dubi kusurwar. Ta zana hannun nan da buroshi mafi siriri da take da shi, ta bi kowace tsaga ta tafin, har ta yi alfahari da aikin a ranta. Ta ga siririn layin nan a hoton, ta ɗauka ƙazanta ce, ta gyara.

Inna ta ɗago fuska, ta fuskanci inda take jin numfashin autarta.

"Auta, ba zan tambaye ki sau biyu ba. Wannan aikin waye?"

"Inna..."

"Na ce na waye?"

"Nawa ne."

Yaya Babba ta saki salati ta dafe ƙirji. "Na faɗa! Wallahi raina ya ba ni! Sayarwa kika yi ko? Wani mai jan kunne ya zo da jaka ya ce gidan tarihi, kika miƙa masa uwar uwarmu!"

"Ban sayar ba, Yaya."

"To kyauta kika bayar? Ai ya fi muni!"

"Ban bayar ba."

"To ina take? Ta yi fiffike ta tashi?"

Auta ta sulale ta durƙusa a gaban gadon, leshin da ake tsoron ƙura ta ɓata ya share siminti. Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa.

"Fentin ne na ga yana zuba, Inna. Duk buɗewa sai ɓarɓashi ya faɗo. Na ce bari in kama shi kada ya ƙare."

"Da me kika kama shi?"

"Na goge ta."

"Kika goge ta da tsumma?"

"Da dutsen guga."

Can waje mai gyaran takalmi ya wuce yana ƙwanƙwasa akwatinsa.

"Da wuta," Inna ta ce, kamar mai maimaita sunan wani gari da ba ta taɓa ji ba. "Kika sa wa ƙaro wuta."

"Haka muke yi wa kowane ƙyalle, Inna. In ba a goge ba fenti ba ya zama. Ban san..."

"Ba ki san me ba?" Yaya Babba ta tare. "Ke da kike zama gaban masu hoto kina karkace kai, kina cewa kin yi bincike mai zurfi? Zurfin ke nan? Ga Inna a ɗaki da bakinta da hankalinta, waya ɗaya za ki buga ki ce Inna, da me Kaka ta haɗa fentinta. Amma ina! Gwana ba ta tambayar tsohuwa."

"Yaya, don Allah."

"Kada ki don-Allah da ni! Ni ce wanki, ni ce shara, ni ce layin asibiti. Ke kuwa ki zo da lemo a leda ki zauna bakin gado kamar baƙuwa, ki kwashe gadon gida ki je ki liƙa a kujerun masu kuɗi suna zama a kai. Hannun Inna fa! Ashe hannun uwarmu ne ƙattin gari suke jingina ƙeya a kai suna kallon ƙwallo!"

"Ya isa," in ji Inna.

"Bai isa ba, Inna. Ƙonawar ma da sauƙi, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma ta zauna ta zana jabu, ta dafa shayi ta tsoma, ta ninke, ta kawo da hannu biyu tana cewa ga amanarki. Don ta ga ba kya gani! Makantarki ta yi wa lissafi!"

Wannan ita ce maganar da ta shiga. Auta ta so ta musa, ta laluba ko'ina a zuciyarta ba ta sami abin musawa ba. Ranar da likita ya ce idon ba zai dawo ba ta yi kuka a mota, kukan gaske. Amma a ƙarƙashin kukan akwai wani ɗan sanyi da ta ji, wanda ba ta taɓa ba shi suna ba, sai yau da yayarta ta raɗa masa.

"Na ce ya isa," Inna ta sake cewa. Ba ta ɗaga murya ba, amma Yaya Babba ta yi shiru, ta koma ta zauna a kan akwatin tana huci.

Inna ta ci gaba da shafa ƙyallen. Abin mamaki, ba ta ture shi ba.

"Kin iya zane," ta ce. "Tunda har yayarki ta ruɗu, ita da ba ta yarda da canjin mai kanti sai ta ƙirga sau biyu, to kin iya."

"Inna, ki yafe mini."

"Bari tukuna, ban zo nan ba." Ta yi ajiyar zuciya. "Ni ma ina da nawa kason. Shekara da shekaru ina da ido biyu garau, shimfiɗar nan tana ƙarƙashin gadona. Sau nawa na buɗe? Ina tsoron haske, ina tsoron ɓera, ina tsoron hannunku da kuna yara. In kun matso in kore ku. Na ce adanawa nake yi. Da na zaunar da ku na ce ga bijimi, ga hannuna, ga gashin kakarku, ga abin da aka haɗa fentin da shi, da yau ba a kai nan ba. Na kulle ta a akwati, ke kika sa mata wuta. Kowa cikinmu kare ta ya yi niyya."

"Inna, kada ki ɗora wa kanki laifin wannan yarinyar," in ji Yaya Babba.

"Ke ma da kike ta tsawa, kin san hannun nawa ne kafin yau?"

Yaya Babba ta sunkuyar da kai. Ta sami wani zare a bakin zaninta da ke bukatar kulawa cikin gaggawa.

Inna ta miƙa hannu ta laluba har ta sami kan Auta. Ta dafa shi, ba shafawa ba, ba kuma turewa ba.

"Duka ta ƙone?"

Auta ta ɗago da sauri. "A'a, Inna. Tsakiyar ce. Da na ga abin da ke faruwa na fizge dutsen. Gefe-gefen suna nan."

"Kusurwar hagu fa?"

"Tana nan. Wuta ba ta je wurin ba."

Inna ta sunkuyo kusa da ita.

"Kin tabbata?"

"Na rantse, Inna. Ban taɓa wurin ba."

"Kin yar?"

"Ban iya yarwa ba. Tana shago, na ɓoye."

A karon farko tun da aka buɗe akwatin fuskar Inna ta motsa. Ba murmushi ba ne, amma ɗan uwansa ne na kusa.

"To tashi ki kawo mini. Ko tsumma ne, ko toka ce, hannuna zai gane uwata. Ki kawo mini kusurwar nan in taɓa, sai mu yi maganar yafiya. Wannan kuma," ta ninke jabun gida biyu, "a bar mini, zan riƙa rufe ƙafa da shi. Aikin 'yata ne, ko da ƙarya aka kawo shi."

Auta ta miƙe tana share fuska da gefen mayafi.

"Yanzun nan, Inna. Kafin rana ta faɗi."

"Ki bi a hankali dai," in ji Yaya Babba ba tare da ta dube ta ba. "Kada ki je ki goge wani da mota."

Hanyar shago ba ta taɓa yi wa Auta tsawo kamar yau ba. A kowace danja sai ta ga wurin a idonta: ɗakin baya, saman doguwar durowa, bayan buhunan tsumma, baƙar leda ɗaure da bakin ƙyalle. Ta zaɓi wurin ne da hikima, don babu mai hawa can. Ta fara tsara yadda za ta yanke kusurwar da kyau, ta yi mata baki, ta sa a hannun Inna. Har ta fara jin kamar abin zai gyaru. Mutum dai ba ya rabuwa da wannan ɗabi'a.

Ta tarar da shagon fes kamar an yi masa wankan biki. Tebura a share, gwangwanayen fenti a jere, burosai a wanke suna ɗiga. Babban aikin da suka yi wata guda suna fama da shi, na sabon otal ɗin da ke bayan gari, ya fita da safe. Ma'aikata sun watse, sai Tela kaɗai, dattijon da yake mata ɗinki tun tana da keke ɗaya, yana zaune yana zuba wa kekensa mai.

"A'a, Hajiya! Da yamman nan? Ai kin makara, an gama yabon, ba ki ji ko ɗaya ba. Manajan otal da kansa ya..."

Ba ta tsaya ba. Ta wuce ɗakin baya, ta jawo kujera, ta cire takalmi ta hau. Ta miƙa hannu saman durowar.

Katako ta taɓa.

Ta shafa dama, ta shafa hagu, kamar yadda Inna ta shafa ɗazu. Babu buhu, babu leda. Ko ƙura babu, wani mai himma ya goge.

"Baba Tela!"

Ya taho yana goge hannu da ƙyalle. "Lafiya, Hajiya? Sauko kada ki faɗi, kujerar nan ƙafarta ɗaya ta aro ce."

"Ina buhunan da ke nan?"

"Tsummokin? Ai sun yi amfani."

"Wane amfani?"

"Soso ya ƙare mana jiya, saura matasai da yawa ba a cusa ba, ga mota za ta zo da safe. Sai na tuna dokarki." Ya nuna bango da haɓa. Can sama da teburin yanka, da rubutun hannunta, da fenti mai kyau wanda ya sha guga ya zauna daram, an rubuta: TSUMMA BA SHARA BA NE. "Na ce yau ranar buhunan Hajiya ce. Muka sauke su kaf. Ba mu bar ko zare ba."

Ta sauko daga kujerar ba tare da ta san ta sauko ba.

"Akwai baƙar leda a baya."

"Akwai."

"Ka buɗe?"

"Na buɗe mana. Wani tsohon ƙyalle ne da wani sakarai ya ƙona da dutsen guga. Har na ce wa yara, ku zo ku ga aikin wanda bai san hannunsa ba. Allah ya sa ba a shagon nan aka yi ba, da kin kori mutum."

Auta ta dafa durowar.

"Ka yayyanka?"

"Manyan tsummoki dai muna yayyankawa. Wannan kuwa na sa almakashi ya ƙi ci, fentin ya yi tauri kamar ƙanzo. Na ce ba zan ɓata almakashina a kan gawa ba. Sai na dunƙule shi haka nan na cusa a tsakiyar matashi ɗaya, na kewaye da masu laushi, na ɗinke." Ya dube ta da kyau, fara'arsa ta fara raguwa. "Hajiya, wani abu ne?"

"Yana nan ɗungurungum? Ba a yanka ba?"

"Ɗungurungum."

"Wane irin matashi?"

"Na ɗan hannun nan. Ai duk odar tasu shi ne. Kowane ɗaki, kowace kujera, har falon ƙasa. Mota guda cur."

Ta kama hannun rigarsa, abin da ba ta taɓa yi ba tun da suke tare.

"Baba Tela, ka tuna. Don girman Allah ka tuna. A cikin wanne?"

Dattijon ya dubi hannunta, ya dubi fuskarta, ya yi magana a hankali kamar mai ba da haƙuri.

"Hajiya, ai ke kika tsaya a kanmu wata guda kina cewa kada ɗaya ya bambanta da ɗaya."

Wayarta ta fara ƙara a cikin jaka. Ta ciro. Yaya Babba ce. Ta danna, ta kai kunne, tana jiran tsawa.

Ba tsawa ta ji ba. Numfashi ne na tsohuwa, kusa da wayar sosai, kamar wadda aka riƙe mata.

"Auta, kin taho?"

"Inna..."

"Yi sauri, 'yar nan. Yayarki tana ta cewa in kwanta, na ƙi. Hannuna a buɗe yake."